Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga FCCPC da NDPC: da sunanmu kuka ci Meta tara, ku zo Sakkwato ku yi mana bayani

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, Mista Tunji Bello, da Kwamishinan Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa, NDPC, Dakta Vincent Olatunji.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni mai shagon gyaran waya ne a cikin garin Sakkwato. Ban da canza gilashi da bakin caji, aikin da ya fi kawo mana mutane shi ne saita sabuwar waya: a buɗe wa mutum WhatsApp, a buɗe masa Facebook, a sa masa manhajar banki, a dawo masa da lambobin da ke tsohuwar wayarsa. Don haka shari'ar da hukumominku biyu suka yi da kamfanin Meta ba labarin nesa ba ne a wurina. A takardun shari'ar an ce 'yan Najeriya aka tauye wa haƙƙi. Wasu daga cikin 'yan Najeriyar nan a kan bencin shagona suke zama kullum, kuma akasarinsu har yau ba su san an yi wata shari'a da sunansu ba.

Zan fara da yabo domin kun cancanci yabon. Ranar 19 ga Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tarar dala miliyan 220, bayan binciken wata 38 da ta yi tare da NDPC. Tushen maganar shi ne sababbin sharuɗɗan da WhatsApp ya fito da su a farkon 2021, waɗanda aka sa mutane a gaba ko su amince da su ko su haƙura da manhajar. Binciken ya ce kamfanin ya rarraba bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, ya hana su iko da bayanansu, ya yi amfani da ƙarfinsa a kasuwa ya tilasta musu, sannan ya ba mutanen wasu ƙasashe kariyar da bai ba mu ba. Meta ya ɗaukaka ƙara, amma ranar 25 ga Afrilun 2025 kotun musamman mai sauraron ƙararrakin gasa da haƙƙin masu saye ta tabbatar da hukuncin, ta kuma ɗora masa dala 35,000 kuɗin bincike. Kafin nan, a Fabrairun 2025, NDPC ta riga ta yanka masa tata tarar ta dala miliyan 32.8.

Da labari ya fito a watan Mayun 2025 cewa Meta ya shaida wa kotu zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya, FCCPC ta mayar da martani cewa barin ƙasa ba ya shafe laifin da aka riga aka yi. Amsar nan ta yi mini daɗi ƙwarai. Irin wannan kurarin Meta ya taɓa yi wa Turai a 2022, kuma har gobe yana can, duk da tarar yuro biliyan 1.2 da hukumar ƙasar Ayalan ta ci shi a 2023. Indiya ma ta ci shi tara a Nuwamban 2024 a kan waɗannan sharuɗɗan na WhatsApp ɗin dai. Kun yi daidai da kuka tsaya.

To amma duk shari'ar nan maganar yarda ce: shin mutum ya san abin da ya amince da shi? Ina so ku ga yadda ake samun wannan yardar a Sakkwato.

Dattijo zai zo daga Wurno ko Goronyo, ya sayar da albasarsa, ya sayi babbar waya, ya miƙo a saita masa. Shafi zai fito cike da ƙananan rubutu na Turanci, a ƙasa ga maɓallin amincewa. Idan ka ce bari ka ɗan gaya masa abin da ke ciki, sai ya ce, "Ban san abin da anka rubuta ba, kai dai taɓa mani shi buɗe, mota na jirana." Yaron shago ya danna. A rumbun kamfanin an rubuta cewa Alhaji ya karanta, ya gane, ya amince. Alhaji bai karanta ba, yaron ma bai karanta ba, kuma ko ya yi niyya, Turancin lauyoyi ne shafi bayan shafi, wanda ko ɗalibin jami'a sai ya yi da gaske. Kada ku ɗauka dattijon nan jahili ne. Ya sauke Alƙur'ani, da ajami yake rubuta lissafin buhunansa, kuma kafin rana ta ɗaga ya san kuɗin albasa a Legas da Ƙwanni. A Kasuwar Kara, ko da dillali ne a tsakani, ciniki ba ya faɗawa sai mai dabba ya ji kuɗin da kunnensa ya ce ya sallama. A nan kuwa an karɓi lambobin mutanensa, da bayanin wayarsa, da yankin da yake, da lokutan da yake hawa, babu wanda ya faɗa masa da harshen da yake ji, kuma an ce ya sallama.

Ta mata ma ta fi haka. Da yawansu ba sa zuwa shago, ɗa ko ƙane ake aikowa da wayar. Shi zai zaɓi sunan da za a sa, shi zai riƙe lambobin sirri, wani lokaci ma da layinsa za a buɗe. Matar da za ta yi shekaru tana sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kwalliya ta wannan asusun ba ta ko ga shafin sharuɗɗan da idonta ba. Ranar da yaron ya yar da layin, ko wani ya kira ta ya ce daga ofishin tallafi ne ta karanto masa lambobi shida da aka turo mata, shi ke nan asusun ya tafi da duk masu sayenta, ɓarawon kuma ya shiga roƙon kuɗi a wurin danginta da sunanta.

Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta faɗi abin da ya dace. Ta ce yarda ba ta tabbata sai an ba da ita da son rai, a kan abu takamaimai, bayan an fahimci abin da ake nema. Ta ce bayanin da za a yi wa mutane ya zama a fili, mai sauƙin ganewa ga irin mutanen da ake nufi da shi. Ta ba mutum damar janye yardarsa da neman a goge bayanansa. Idan kuka kawo wannan doka Sakkwato ba za ku sha wahalar gamsar da kowa ba, domin mun san asalinta tun a makarantar allo da zaure. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ce ciniki sai da yardar juna. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. Abin da ya rage shi ne a sanar da mutane cewa dokar ƙasa ma ta ba su wannan haƙƙin a kan kamfanonin da ke cikin wayoyinsu.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ya fi mini komai. Ku wajabta wa duk manhajar da ke da ɗimbin masu amfani a Najeriya ta sa taƙaitaccen bayani na murya, da Hausa da Fulatanci da sauran manyan harsunanmu, wanda mutum zai saurara kafin maɓallin amincewa ya yi aiki. Minti ɗaya ko biyu ya isa a ce masa: ga abin da za mu ɗauka, ga wanda za mu ba, ga yadda za ka ƙi. Mutanenmu da saƙon murya suke hulɗa, kuma kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Facebook ya iya magana da Hausa tun 2016, shekarar da Mark Zuckerberg ya zo Najeriya, kuma kullum muna ganin tallace-tallace da Hausa a kansa. Wanda ya iya yi mana talla da harshenmu zai iya neman izininmu da shi. Fassara a takarda tana da amfani, amma ba za ta isa ga wanda ba ya karatun boko ba. A garin nan ne Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa tura jajoji ƙauyuka suna kai wa mata karatu a baka, cikin harshen da suke ji, domin ta san ilimin da ya tsaya a takarda a birni bai isa ga masu shi ba.

Abu na biyu ya fi na Meta kusa da mu, kuma ya fi ciwo. Gwamnati ce ta tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, tun daga Disambar 2020 har zuwa wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumbar 2024. Mutane sun yi sammako sun bi layi a rana, an toshe wa wasu layukansu, tsofaffi sun yi ta sintiri tsakanin ƙauye da birni. Mun bayar da hoton fuska da zanen yatsu domin an ce tsaro ne. Sai ga shi a 2024 'yan jaridar FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane, har an nuna da naira 100 ana iya sayen na mutum, ciki har da na Ministan Sadarwa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an kutsa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka fita, sun dai fita, kuma amana ce muka ba gwamnati. A Yulin 2025 kuma EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da ke sayen NIN da BVN a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar kan kusan naira 5,000 a buɗe asusun damfara da su.

Ku tambayi kanku wa zai sayar da NIN ɗinsa kan naira 2,000. A jiharmu amsar a fili take. Akwai mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, suna zaune a kangaye da gidajen dangi. Duk wanda ya zo musu da littafi da waya ya ce rajistar tallafi yake yi, za su miƙa masa takardar NIN, su tsaya ya ɗauki hoton fuskarsu, su yi masa addu'a. Mai yunwa ba ya tambayar katin shaidar aiki. Daga baya ana iya buɗe asusu da sunan bazawarar da ba ta taɓa shiga banki ba, a karɓi kuɗin damfara ko kuɗin fansa da shi, kuma idan bincike ya tashi sunanta zai fara fitowa. Mun ga NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 a 2024, ta ci MultiChoice naira miliyan 766 a 2025, wato dai tana da haƙoran cizo a cikin gida. Muna so a yi irin wannan tsanani ga duk wakili ko ma'aikacin da aka ba lasisin taɓa bayananmu ya sayar da su, ko na kamfani ne ko na gwamnati, a kuma faɗi sunansa a rediyo.

Sai manhajojin bashi. Na san an yi ƙoƙari: hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a 2021 saboda aika wa mutanen da ke cikin wayar mai bashi saƙonni, FCCPC ta fara yi musu rajista a 2022, Google ya hana su leƙa lambobi da hotunan mutane a 2023, sannan ga sababbin ƙa'idojin FCCPC na 2025. Amma waɗanda aka kora daga rumbun Google ba su mutu ba, ta WhatsApp da tura wa juna daga waya zuwa waya suke yawo yanzu. Ƙaramin ma'aikaci ya ci bashin 'yan dubbai kafin albashi, ya makara da kwana kaɗan, sai a tura wa surukinsa da limamin unguwarsu saƙo cewa ɓarawo ne. Wanda ya san yadda ake riƙon mutunci a garin nan ya san wannan ya fi ruwan da suke ɗorawa a kan bashin zafi. Irin waɗannan mutanen wurinmu suke zuwa su ce a goge musu wayar gaba ɗaya, ba su san lambobin sun riga sun tafi ba, kuma ba su san ofishin da za su kai ƙara ba.

Akwai abin da nake so ku riƙe a zuciya duk lokacin da kuke zaune da lauyoyin waɗannan kamfanoni. Mu mun san yadda rufewa take. A Satumbar 2021, bayan an katse sadarwa a Zamfara, an katse ta a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Mutane sun riƙa shiga mota su zo birni don kiran waya ɗaya, masu POS sun rufe, mutanen bakin iyaka sun koma neman sabis ɗin Nijar, wanda aka kai wa hari cikin dare ba shi da hanyar neman agaji. A shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS daga baya ta ce matakin ya saɓa wa doka. Saboda haka ba na goyon bayan kamfani ya yi mana barazanar rufewa, ba na kuma goyon bayan gwamnati ta rufe da kanta don ta nuna ƙarfi. Maɗinki da mai kilishi da mai takalman fata da ke nuna hajarsu a Facebook, da malamin da ɗalibansa ke sauraron karatunsa ta WhatsApp, ba su da laifi a wannan rigima. Sun ma riga sun sha ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a yi wa kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ku matsa wa kamfanin ya gyara halinsa yana nan.

Yanzu maganar kuɗi da sulhu. A Oktoban 2025 aka ji cewa NDPC da Meta sun amince su sasanta a wajen kotu kan tarar dala miliyan 32.8. Sulhu alheri ne, ba na ƙinsa. Amma haƙƙin da aka yi sulhu a kansa namu ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku fito ku gaya mana da Hausa, a gidajen rediyon da muke saurare: nawa aka biya a kan kowace tara, wane asusu kuɗin ya shiga, me kamfanin ya yi alkawarin canzawa, zuwa yaushe, kuma wa zai duba ya tabbatar an canza. A jihar Illinois ta Amurka, da mutane suka kai Facebook ƙara kan tattara siffar fuskokinsu ba izini, an sasanta kan dala miliyan 650 kuma mutanen da abin ya shafa aka raba wa kuɗin. Na san tara daban, diyya daban. Ban ce a aiko wa kowa da kasonsa ba. Abin da nake cewa shi ne a ware wani abu bayyananne daga duk abin da aka karɓa, a kashe shi wajen wayar da kan waɗanda aka karɓa da sunansu, kuma Arewa maso Yamma ta ga nata a ƙasa.

A cikin abin da za ku nema daga Meta ku sa maganar masu duba ƙorafi da Hausa. Idan an sace asusun mutum, ko an yaɗa hoton yarinya don a ci mata mutunci, ko an ɗauko tsohon bidiyo an ce jiya ya faru a wani ƙauye don a tayar da fitina, ana buƙatar mutum mai jin Hausa, har da irin tamu ta Sakkwato, ya duba da wuri. Masu tace bayanai da suka yi wa Facebook aiki a Nairobi, waɗanda akwai masu Hausa a cikinsu, an sallame su a 2023, sama da 180 suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya kuma ta ce a Satumbar 2024 ana iya tuhumar Meta a can. Kuna da hurumin tambayar kamfanin mutum nawa yake da su yau masu duba abin da ake rubutawa da faɗa da Hausa, ku kuma sa ya ba da amsar a rubuce.

Mu kanmu masu gyaran waya ku sa mu a lissafi. Babu wanda ya fi mu riƙe sirrin mutane a garin nan. Ana bar mana waya a buɗe, da hotunan iyali da saƙonnin banki da komai, wani lokaci ta kwana a shago. Akasarinmu muna tsoron Allah, amma sana'a ce da yara ke shiga kullum ba tare da wani ya zaunar da su ya ce wannan amana ce, kuma akwai dokar da ke hukunta wanda ya ci ta. Ku haɗa kai da shugabannin kasuwar waya da masu POS da masu rajistar layi, ku horar da mu, ku ba wanda ya halarta shaidar da zai manna a shagonsa, ku kuma hukunta wanda ya kwafi abin da ba nasa ba. Yaron shagon da aka koya wa yadda ake sa wa WhatsApp makullin tabbatarwa na biyu zai kare mutane da yawa a mako guda, domin ta hannunsa wayoyin ke bi.

Ina gayyatarku Sakkwato, ku da kanku, ba takardar sanarwa ba. Ku fara da fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, domin idan magana ta fito daga can limamai za su kai ta masallatan Juma'a. Ku zauna da ɗalibai da malaman shari'a da na kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, za ku sami waɗanda za su tsara muku bayanin da Hausa mai kyau. Ku shiga Rima Radio ku amsa kiran masu saurare kai tsaye. Ku tura ma'aikatanku kasuwannin Illela da Achida ranar da suke ci, da wuraren da 'yan gudun hijira ke zaune. Kafin ku koma Abuja ku bar mana wuri sananne a cikin gari da za a iya kai ƙara, da lambar waya guda wadda mutum zai aika wa saƙon murya da Hausa ya faɗi abin da aka yi masa, a ba shi lambar ƙorafinsa, a kuma gaya masa ranar da zai ji amsa.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Mai shagon gyaran waya,
Sakkwato.